Jama'ar Azuba, a Daina Cinikin Biri a Sama da Sunan Agogo

Jama'ar Azuba, Shabu da kewaye, ina kira da babbar murya: kada wanda ya sake tura ko sisi don sayen agogon da bai riƙe a hannunsa ba. Wanda kuma ya riga ya saya wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa agogon nan da ake cewa yana auna suga da hawan jini, ya je yau ɗin nan ya gaya musu kada su dogara da lambar da yake nunawa. Na farkon asarar kuɗi ce. Na biyun yana iya kai mutum kabari.

Lokacin ne ya sa nake gaggawa. Kaka ta yi, kuɗin riɗi da doya da shinkafa sun fara shiga aljihu. Bukukuwan aure sun kunno kai, kuma akwatin lefe ba ya cika sai da agogo. Ga rangwamen da kamfanoni ke shelantawa a watan Nuwamba, ga Kirsimeti a gaba. Masu tallar nan sun san kalandarmu sarai, a irin wannan lokacin suke cika Facebook, TikTok da Instagram da hotuna.

Duk wanda abin ya shafa, labarinsa kusan iri ɗaya ne. Yaro yana duba waya da dare, sai ga bidiyo: agogo yana sheƙi, ana tsoma shi cikin kofin ruwa, ana buga masa guduma bai fashe ba. An rubuta tsohon farashi an soke shi da jan layi, an sa sabo, a ce naira dubu 25, da gargaɗin cewa saura guda biyar kacal. Ya taɓa hoton, ya faɗa WhatsApp. Ana amsa masa cikin daƙiƙa, da ladabi, ana kiransa "Oga" ko "Alhaji". A ba shi lambar asusu. Da safe ya je wurin mai POS a bakin titi ya tura. Tun daga nan amsar ta fara yin nauyi.

Wani ba ya sake jin ɗuriyar kowa, an toshe lambarsa. Wani kuma kayan suna zuwa, sai dai ba a kawo su Azuba. Direba zai kira shi ya ce ya zo tasha a cikin Lafia ya karɓa, kuma akwai kuɗin saƙo a kansa. Ya hau Keke Napep ya je, ya biya, a miƙo masa ƙunshi naɗe da salatif, direban ya juya ya ci gaba da lodinsa, don shi bai san abin da ke ciki ba. Sai an dawo gida ake buɗewa. Kwali ya lotse. Agogon ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar murfin kwalba. Ƙananan da'irori ukun nan da ke fuskarsa, waɗanda a bidiyo hannuwansu ke juyawa, ashe manna su aka yi; maɓallan gefe ma ado ne, a danna su babu abin da ke motsi. Kafin mako biyu ruwan zinaren ya fara ɓarewa ta wajen maɗauri, fatar hannu ta yi kore, wani har da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Da an yi alwala sau biyu ko uku, sai raɓa ta kwanta a ƙarƙashin gilashin. Ko agogon kirki ne, in aka rubuta 3 ATM ko mita 30 a bayansa, fantsamar ruwa kawai yake jurewa, ba nutso ba. To ina ga wanda rubutun kansa ƙarya ne?

Lissafi kaɗan ya isa ya ceci mutum. Apple Watch Ultra da aka fitar a watan Satumban 2022, dala 799 aka sa masa. Ko da a ce dala naira 1,000 ce, kuɗin ya kusa naira dubu 800, kuma kowa ya san tun 2024 dala ta haura haka. To wane mai tausayi ne zai ba ka shi a dubu 20? Abin da ake turo wa mutane su ne kwaikwayonsa masu sunaye irin T800 Ultra da T900 Ultra, waɗanda siffar kawai suka ara. Haka Rolex: kamfanin da ke Suwizalan ba ya sayar da sababbin agogunansa ta intanet, sai a shagunan dillalan da ya amince da su. Hatta Casio F-91W, ɗan baƙin agogon roba da aka fara yi a 1989, wanda iyayenmu suka ɗaura shekara da shekaru, shi ma jabunsa ya cika kasuwa. Idan ana yin jabun mai araha, me zai hana a yi na mai tsada? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 70 ne tun 2024. Wanda ya zubar da dubu 25 a kan wannan tarkacen ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na guminsa na wata.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne agogon lafiya. Ɗa mai son iyayensa ya ga talla cewa wannan agogon yana auna sugan jini ba tare da huda yatsa ba, yana auna hawan jini, yana duba zuciya. Ya tuna yadda Baba ke yamutsa fuska duk lokacin da za a soke shi da allura, ya tuna kuɗin mota zuwa asibiti da layin ganin likita. Ya saya da kyakkyawar niyya, ya ɗaura wa tsoho. Tsoho ya duba, lamba ta yi kyau. Gobe ma ta yi kyau. Sai ya ce ai sauƙi ya samu, ya rage magani, ko ya ajiye shi gaba ɗaya, ya daina zuwa a duba shi.

A ranar 21 ga Fabrairun 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta fitar da gargaɗi cewa kada kowa ya yi amfani da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, domin ba ta amince da ko guda ɗaya ba, kowane kamfani ne ya yi shi. Ta kuma bayyana haɗarin: lambar ƙarya tana iya sa mai ciwon suga ya sha magani ko ya yi allurar insulin fiye da kima, sugansa ya faɗi ƙasa warwas, ya rikice, ya suma, har ya rasu cikin 'yan sa'o'i. Manyan kamfanonin duniya masu biliyoyin daloli ba su kai ga sayar da irin wannan agogon ba. Ta yaya wani mai shafi a TikTok zai same shi a dubu 15?

Hawan jini ma haka. 'Yan agogunan kirki da ke ƙiyasta shi, irin na Samsung, sai an riƙa daidaita su da na'urar asibiti mai matse dantse duk bayan mako huɗu. Na jabun kuwa, da yawansu 'yar koriyar fitila ce kawai ke ƙyaftawa a baya, lambobin kuma tun daga masana'anta aka tsara su riƙa yawo a tsakanin adadin mai lafiya. Ku gwada da kanku: cire agogon daga hannu, riƙe shi ta maɗauri a iska, ka danna awon. In ya ba ka bugun zuciya da hawan jini alhali babu fatar kowa a jikinsa, ka san abin da ka ɗaura wa mahaifinka. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin garau sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Awo na gaskiya yana asibitin shan-magani mafi kusa, yana kemis ɗin da ke da ma'aikacin lafiya, yana babban asibitin da ke cikin Lafia.

Sai maganar 'yan'uwanmu masu sa kaya a status na WhatsApp. Na san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa neman abin rufin asiri yake, kuma sana'ar waya halal ce in an yi ta da gaskiya. Amma ƙanwata, ƙanena, idan ka ɗauko hoto daga wani rukuni na Legas ko Anacha, ka ɗora ribarka a kai, ka karɓi kuɗin maƙwabcinka a kan abin da kai ma ba ka taɓa gani ba, ka sani fuskarka ya duba ya biya. Wancan na nesa zai kashe waya ya huta. Kai ne za ka haɗu da mai kuɗin a masallaci, a coci, a wurin suna. Ta nan cutar ke shiga gida-gida, kuma ta nan zumunci ke tsinkewa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Malamanmu ba su bar wannan babin a buɗe ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta cinikin abin da ba ya wurin bisa siffantawa, amma an hana sharɗanta biyan kuɗi tun kafin ya iso, sai in yana kusa ko kuwa abu ne da ba a tsoron canzawarsa, irin gida ko fili. Fiye da shekara dubu ke nan da rubuta wannan hukunci. Dokar ƙasa ma tana gefen mai saye. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar da kayan da suka saɓa wa yadda aka siffanta su, ka karɓi kuɗinka. A 2022 wata babbar kotu a Inugu ta yanke cewa ƙa'idar nan ta "ba a mayar da kuɗi" haramtacciya ce, ta kuma sa wani kamfanin sufuri ya biya fasinja diyyar naira dubu 500. Sai dai doka tana kama wanda ke da suna da adireshi ne. Wanda ba shi da komai sai lambar waya da hoton da ya sato, wa za ka kai ƙara?

Don haka in har sai ka saya daga nesa, ka tsaya a kan a kawo, ka buɗe, ka gani, sannan ka biya. Wanda ya ce sai ka biya kafin a yage leda, ka bar masa kayansa. Ka nemi ya kira ka ta bidiyo ya nuna maka agogon a hannunsa yana aiki. Ka duba sunan da ya fito a asusun kafin ka tura: shafi da sunan kamfani, asusu da sunan wani mutum dabam, wannan alama ce. Mafi sauƙi kuma, ka shiga kasuwar zamani ta Lafia, ka ɗaga agogo ka ji nauyinsa, ka danna maɓallansa, ka sa mai gyaran agogo ya buɗe bayansa. Ko na araha ka saya, ka san na araha ne, kuma ka san rumfar da za ka koma.

Wanda kuwa ya riga ya faɗa, kada ya ɓata lokaci. Ka ajiye hoton tallar, hirarku da rasit ɗin tura kuɗi, ka sanar da bankinka nan take, ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC. Kuma ka shirya wa zagaye na biyu: za a iya kiran ka a ce za a mayar maka da kuɗinka, ka karanto lambar da aka turo maka ta saƙo, ko ka ba da lambar BVN da ta katinka. Kada ka bayar. Mai mayar da kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata.

Na san kunya ce ke rufe bakin mutane. Saurayi ya jefa agogon a ƙasan akwati ya yi gum, don kada abokai su yi masa dariya a majalisa. Wannan shirun shi ne jarin macutan, domin shafin da ya cuce ka jiya yana nan yana tallata wa ƙaninka yau. Ina roƙon limamanmu da fastocinmu su ware wa wannan magana minti biyu a wannan makon, masu unguwanni da shugabannin matasa su ɗaga ta a taro. Kai kuma da aka cuta, ɗauko agogon nan daga akwati, ka kai shi majalisa, ka nuna wa kowa shafin da ka saya.