Yaɓen Cikin Jiki da Tsargiyar Fadamar Guri

Duk inda jikin mutum ke haɗuwa da iska ko abinci ko fitsari, akwai siririn yaɓe na ƙwayoyin halitta da ya rufe wurin, wanda likitoci ke kira efitiliyam. Kowane wuri da irin nasa. Na jakunkunan iskar huhu falle ɗaya ne, don iska ta ratsa zuwa jini. Na fata da baki da maƙoshi hawa-hawa ne, saboda gugar yau da kullum. Ƙwayoyin bututun ƙoda gajeru ne, na hanji dogaye masu tsotse abinci, na hanyar numfashi kuwa suna da 'yan gashi da ke sharo ƙurar hunturu tare da majina. Na mafitsara ya fi ban mamaki: yana miƙewa idan ta cika, ya tattare bayan an yi fitsari, kuma ba ya barin dattin fitsari ya koma jini.

Wannan na ƙarshen ne tsargiya ke ɓatawa, kuma mutumin Guri, a fadamar Kogin Hadejia, ya san ta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Hadejia ta canza, ciyawar kachalla ta cike magudanai, ruwa ya kwanta, katantanwar da ke goyon tsutsar cutar ta samu gida. Tsutsar, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana shiga ta fatar masunci ko mai dashen shinkafa, ta zuba ƙwai masu tsini a bangon mafitsara. Jinin da yaro ke gani a ƙarshen fitsari daga nan yake.

Wasu za su ce ai abin yara ne, yana wucewa da girma. Jinin kan ragu, gaskiya ne, amma ƙwan da suka maƙale suna nan. Sukan yi shekaru suna cin wurin, har yaɓen mai miƙewa ya rikiɗe ya koma irin na fata, kuma a kan wannan sauyin sankarar mafitsara kan tsiro. Shi ya sa a 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa tsutsar cikin abubuwan da tabbas ke haddasa ta. Wasu kuma za su ce ba a raba masunci da ruwa. Ba a rabawa, kuma ba sai an raba ba: maganin firazikwantel yana kashe tsutsar, ana maimaita shi idan an sake kamuwa, kuma ƙwan ba sa kaiwa ga katantanwa sai mai cutar ya yi fitsari a cikin ruwa.