Taron Karnuka da Ciwon Haukan Kare

A wasu biranen Amurka akwai filaye da aka kewaye da shinge domin a saki karnuka su sha iska. Ɗaya daga cikin na farko shi ne wanda aka buɗe a Berkeley a 1979, kuma babban sharaɗin shiga irin waɗannan filaye shi ne a ce an yi wa kare rigakafi. Mu ba mu da irin wannan fili a Gusau, amma muna da taron karnuka. Duk wanda ya taɓa ganin mafarautan ƙasar Tsafe ko Bunguɗu sun fita da rani ya san yadda karnukan ƙauyuka dabam-dabam ke cakuɗewa, su yi faɗa, su ciji juna. Haka kuma abin yake a bakin mahauta da kan juji.

Abin tsoro a nan shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga ta wurin cizo, ba jini take bi ba, jijiyoyi take bi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa akan yi wata biyu ko uku ba a ga komai ba, har a manta da cizon. Cizon fuska ko wuya ya fi saurin kisa, saboda tafiyar gajera ce, kuma nan ne kare ya fi samun yaro. Da zarar alamu sun bayyana, wato firgita da kasa haɗiye ruwa, da wuya ƙwarai a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa duk shekara, galibi a Afirka da Asiya.

Ba kowane mahaukacin kare ke haushi da kai farmaki ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙi a sake, yawu na dalala, sai mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale, ya zura hannu. Wannan ganganci ne babba.

Rigakafi kuwa ba baƙon abu ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada shi a kan wani yaro a Faransa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom tana yin na karnuka. Masana sun nuna cewa in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. A ganina, sarkin farauta da zai hana karen da ba shi da allura shiga tawaga ya fi shela goma amfani.

Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, kada a cusa toka ko a ɗaure da tsumma, sannan a nufi asibiti a ranar. Karen kuma a ɗaure shi a lura da shi kwana 10, amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allura.