Juyayyen aji: darasin Ingilishi a gida, magana a makaranta

Ɗalibin da ya fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji a Garwa ko Maraɗi yakan kai ga jarrabawar BEPC da littafi cike da dokokin nahawu. Amma idan ya tsallaka Mubi ko Kano aka yi masa tambaya da harshen, sai baki ya mutu. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. A ajin da ke da yara 80, ko da malam bai ce uffan ba ya raba musu awa guda daidai wa daida, kowane zai samu daƙiƙa 45 ne kacal. Ga shi kuma yawancin awar tana ƙarewa ne a rubutun allo da kwafa.

Wannan matsala ce ta sa wasu malamai ke duba dabarar da masu Faransanci ke kira classe inversée, wato juyayyen aji. A tsarin da aka saba, malam yana bayani a aji, yaro ya tafi gida da aikin gwaji. A nan juyawa ake yi: bayanin ne ke bin yaro gida, a bidiyo ko murya ko takarda, gwajin kuma a yi shi a aji, inda malam yake kusa idan an kakare.

Malaman kimiyyar sinadarai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, na wata sakandare a Woodland Park da ke jihar Kolorado ta Amurka, su ne suka yi fice da ita. A 2007 suka fara naɗar darussansu saboda ɗaliban da ke rasa aji, sai suka lura har waɗanda suka halarta suna komawa su sake kallo. A 2012 suka fitar da littafi a kai. Ga wanda ya yi karatun zaure kuwa, abin ba baƙo ba ne. Almajirin kirki yana duba karatunsa tun da dare, ya zo gaban malam da wurin da ya shige masa duhu.

A darasin Ingilishi, misali mafi sauƙi shi ne shuɗaɗɗen lokaci. Bahaushe yana cewa na tafi, zan tafi: aikatau bai motsa ba, abin da ke gabansa ne ke nuna lokaci. Ingilishi kuwa aikatau ɗin yake sauyawa, go ya koma went, buy ya koma bought. Malam zai iya naɗar wannan bayani cikin minti biyar, da jimloli kaɗan da tambayoyi uku, ya tura kwana biyu kafin darasi. Ranar darasi ba a maimaita bayanin. Ana buɗewa da tambayoyin nan uku don a gane wanda ya saurara, sannan a zaunar da yara biyu-biyu, kowa ya ba ɗan'uwansa labarin abin da ya saya ranar kasuwa. Yanzu mutum 40 ne ke magana a lokaci guda, malam yana zagayawa yana gyara. Ajin zai yi hayaniya, don haka yana da kyau a sanar da shugaban makaranta tun da wuri, kada ya leƙo ya ɗauka an rasa tarbiyya.

Naɗin yana da wata fa'ida da ta fi shafar yaran wannan yanki. Da yawansu suna koyon Ingilishi ne ta hanyar Faransancin da shi kansa bai gama zama a bakinsu ba, wato harshe na uku ta bakin na biyu. A saƙon murya, babu abin da zai hana malam ya warware wuri mai wuya da Hausa ko Fulatanci. Yaron da ke haɗa p da f, har pan da fan su zame masa abu ɗaya, zai iya maimaita sauraro sau goma ba tare da an yi masa dariya ba.

Sai dai dabarar tana da haɗarinta. Wani gwaji da aka yi a makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019, ya nuna ɗan ci gaba a lissafi da bai ɗore zuwa jarrabawar ƙarshe ba, bai nuna komai a darasin tattalin arziki ba, kuma giɓi tsakanin ɗalibai ya ƙaru. Can ke nan, inda kowa ke da kwamfuta da wuta. A gidan da waya ɗaya ce, tana aljihun uba har dare, ko yarinyar da ke dawowa ta tarar da ɗiban ruwa da girki suna jiranta, wanda bai saurara ba zai shigo aji ya tarar an wuce shi, kuma babu bayanin allo da zai kama.

Saboda haka kafin malam ya naɗi komai, ya fara tambayar yaransa wa ke da waya a gida da kuma lokacin da take shigowa hannunsa. Murya ta fi bidiyo arha, tana wucewa ta WhatsApp, ko ta Bluetooth ba tare da an sayi data ba. Kowane naɗi ya zo da takarda guda mai ɗauke da bayanin, wadda za a liƙa a bango ko a kwafa. Waɗanda duk da haka ba su samu ba, a ware su a kusurwar aji su saurara daga wayar malam na minti biyar kafin su shiga cikin sauran. Kuma ba dole ne a juya kowane darasi ba; ɗaya a mako ya isa a fara, domin naɗi yana cin lokacin malam, ba kuma wanda ke biyansa ladan wannan.

Buƙatar harshen dai ƙaruwa take. Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ba Ingilishi da Faransanci matsayi ɗaya, Nijar kuma a 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.