Rumbun bayanai: Abin da ke faruwa idan aka jona waya ɗaya ba tare da shiri ba

Idan manhajar banki ta ƙi buɗewa, ko na'urar POS ta tsaya tana ta juyi, abin da kowa ke cewa shi ne babu sabis. Wani lokacin haka ne. Wani lokacin kuma layin waya lafiyarsa ƙalau, babbar kwamfutar ma'aikatar ce ta daina ganin rumbun da bayananta suke.

A manyan bankuna da kamfanonin sadarwa da ma'aikatun gwamnati, ba a cika ajiye bayanai a cikin kwamfutar da ke sarrafa su ba. Akwai akwatuna na musamman cike da fayafayan ajiya, kuma kwamfutoci masu yawa ne ke ɗiba daga cikinsu ta wata keɓaɓɓiyar hanya da ake kira SAN a taƙaice.

A watan Agustan 2010 irin wannan tsari ya samu matsala a jihar Virginia ta Amurka. Hukumomin jihar fiye da 20 abin ya shafa, kuma ofisoshin lasisin tuƙi suka yi kusan mako guda ba sa iya bai wa jama'a lasisi. A can akwatin ajiyar ne da kansa ya lalace. Sai dai ko akwatin na da lafiya, idan hanyar zuwa gare shi ta yanke, sakamakon ɗaya ne.

Shugaba ɗaya, lamba ɗaya

Hanyar ta ƙunshi wayoyin gilashi masu ɗaukar haske, da na'urorin da ake kira suwic, waɗanda ke karɓar saƙo ta wannan ƙofa su miƙa shi ta waccan. Yawancinsu na aiki da tsarin Fibre Channel, wanda aka amince da ƙa'idarsa ta farko a 1994. Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwar: Cisco, da kuma Brocade wanda Broadcom ya saya a 2017.

Suwic ɗaya ba shi da wuyar sha'ani. Ranar da ƙofofinsa suka cika aka sayo na biyu, ranar aiki ke farawa.

Da zarar an jona waya tsakaninsu, sun zama gari ɗaya. Abu na farko da za su yi shi ne zaɓen shugaba. Idan injiniya bai fifita kowa ba, sai a duba lambar shaidar da kowanne ya zo da ita daga masana'anta, mai ƙaramar lamba ya ɗauka. Shugaban ne ke raba wa kowane suwic lambar gundumarsa, daga 1 zuwa 239, kuma ba a yarda biyu su riƙe lamba ɗaya ba.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sabon suwic na Brocade da lamba 1 yake fitowa daga kwali. Idan aka kunna biyu, kowanne ya zauna da lambarsa ta 1, sannan aka jona su, to hanyar tsakaninsu za ta ƙi buɗewa.

Ko da an yi sa'a shugaban ya sauya wa baƙon lamba, akwai sauran rina a kaba. Lambar gunduma ita ce kashin farko na adireshin duk abin da aka jona a jikin suwic ɗin. Ta sauya, adireshi ya sauya. Tsofaffin kwamfutoci masu aiki da HP-UX sun yi ƙaurin suna a nan, domin da wannan adireshin suke gane faifansu. Shi ya sa ƙwararru ke zaɓar lambar da hannunsu, su kulle ta, kafin waya ta shiga.

Akwai kuma wa'adin jira guda biyu da dole su zo daidai a kowane ɓangare, yawanci daƙiƙa 2 da daƙiƙa 10. Aka samu bambanci, ba za su gaisa ba.

Kundin wa ke ganin wa

Wannan ne wurin da ya fi haɗari. A cikin SAN ba kowace kwamfuta ake bari ta ga kowane rumbu ba. Ana rubuta kundi da ke raba su shiyya-shiyya: kwamfutar albashi ta ga rumbun albashi, ta katin cirar kuɗi ta ga nata. Kundin guda ɗaya ne, kuma kowane suwic na riƙe da kwafinsa.

To idan baƙo ya shigo, sai a gwada kundinsa da na gida. In babu komai a nasa, sai ya kwafi na gida, shi ke nan. In kuwa ya zo da nasa, musamman suwic na hannu da aka ciro daga wani wuri ba a goge shi ba, ɗayan biyu ne. Ko dai a samu shiyya mai suna iri ɗaya amma abin cikinta daban, hanyar ta rufe, ko kuma tarkacen da ya zo da shi ya gauraya da kundin gida ya bazu ko'ina.

A ganina rufewar ta fi sauƙi, domin nan take ake ganin ta. Gaurayar kan iya kwanciya shiru wata da watanni, sai ranar da wani ya zo gyara, ya tarar da sunayen da babu wanda ya san asalinsu, ya goge wanda bai kamata ba.

Maganin ba shi da tsada: a ajiye kwafin saitin gida, a wanke baƙon tas, a rufe ƙofar da za a jona, a sa waya, sannan a buɗe ana kallo.

Haɗa na Cisco da na Brocade kai tsaye kuwa, an daɗe ana kauce masa.

Nisa da kwalaben lemo

Ma'aikatu da yawa na ajiye rumbu na biyu a wani gini mai nisa saboda gobara ko ambaliya. Nisan na da nasa lissafin.

Fibre Channel ba ya tura saƙo sai ya tabbata akwai wurin sauke shi. Kamar dilan lemo ne da ba ya ba da sabon kiret sai an dawo masa da kwalabe. Kowane ƙunshin bayanai, wanda ba ya ɗaukar fiye da bayit 2,112, yana cinye tikiti ɗaya, kuma tikitin ba ya dawowa sai ɗaya ɓangaren ya ce ya karɓa.

Haske na cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin gilashi, amma duk da haka tafiya da dawowa na ɗaukar lokaci. A layi mai gudun gigabit 16, ana buƙatar tikiti kusan 8 a kowace kilomita. Kilomita 50 ke nan na neman kusan 400. Wanda bai ware su ba zai biya kuɗin layi mai sauri, ya riƙa samun tafiyar hawainiya, kuma babu jar fitilar da za ta kama ta gaya masa dalili.

Wayar da ba a jonawa

Duk wannan ne ya sa masu tsara SAN ke gina biyu, A da B, kowanne da nasa suwic da shugabansa da kundinsa. Kowace kwamfuta na da waya ɗaya zuwa A, ɗaya zuwa B, haka ma rumbun. Tsakanin A da B kuwa babu waya ko ɗaya, kuma da gangan ne. Mai ganin hakan ɓarnar kuɗi ce ya tuna cewa kuskuren kundi yana bazuwa iyakar inda waya ta kai.

Don haka idan za a ƙara suwic ko a sabunta manhajarsa, A ake fara taɓawa, galibi da tsakar dare. Sai a bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowacce ta dawo tana ganin rumbunta ta hanyoyi biyu. Wasu ma'aikatun kan bar kwana ɗaya ko mako guda a tsakani kafin a taɓa B.