CARPATHIA, JIRGIN DA YA AMSA KUKAN TITANIC

Da wuya a sami mai karatu da bai ji labarin Titanic ba, amma kaɗan ne cikinmu suka san jirgin ruwan da ya tsamo waɗanda suka tsira. Sunansa Carpathia, na kamfanin Cunard, an ƙera shi a arewacin Ingila, ya fara aiki a 1903. Ba jirgin ƙasaita ba ne. Yawancin aikinsa jigilar talakawa ne masu neman abinci, daga tashoshin Fiume da Trieste zuwa New York ta Amurka.

A daren 15 ga Afrilu 1912, bayan sha biyun dare, mai kula da wayar iska na jirgin, Harold Cottam, yana shirin kwanciya sai ya ji Titanic na neman agaji, ya yi karo da dutsen ƙanƙara. Akwai wani jirgi, Californian, da ya fi kusa, amma nasa ma'aikacin ya riga ya yi barci.

Kyaftin Arthur Rostron bai tsaya wata-wata ba, ya juya akalar jirgi, alhali tazarar ta kai mil 58. Ya sa aka rufe tururin ɗumama ɗakuna da na ruwan zafi domin duk ƙarfin ya koma ga inji. Ya sa aka tanadi barguna da shayi, likitoci suka mai da ɗakunan cin abinci asibiti. A ganinmu, wannan tanadi ya fi gudun muhimmanci, gama wanda aka tsamo daga sanyi irin wannan yana iya mutuwa a hannunka. Rostron mai tsoron Allah ne. Wani hafsansa ya ba da labari cewa ya gan shi ya ɗaga hula yana addu'a a ɓoye sa'ad da suke ratsa ƙanƙara cikin duhu.

Sun iso wajen ƙarfe huɗu na asuba, Titanic kuwa ya nutse tun biyu da minti ashirin. Suka kwashi mutum fiye da 700 daga ƙananan kwale-kwale, aka yi sujada domin mamatan, sannan aka nufi New York, aka isa ran 18 ga wata.

A Yaƙin Duniya na Farko Carpathia ya yi jigilar sojoji da kaya. Ran 17 ga Yuli 1918 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-55, ya harbe shi a kudu da Ailan. Ma'aikata biyar suka rasu, wani jirgi mai suna Snowdrop ya kwashe sauran.