Shaihu Umar a littafi da kan dandamali: muryar wa ake ji?

Duk ɗalibin Hausa da ya ratsa Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko wata makaranta irinta, ya san sunan Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi don gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Bayan shekaru arba'in, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya fitar da fim ɗinsa a 1976.

Labarin dai bai sauya ba, amma matsayin mahaifiyar Umar ya sauya. A littafin, Shaihu ne zaune a Rauta yana ba almajiransa tarihinsa, komai ta bakinsa yake fitowa. Ita kuwa ita ce ta fi kowa shan wuya: an kori mijinta Makau daga Kagara saboda hassadar fadawa, an sace ɗanta, ta bazama nemansa, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa a hayin hamada, ta rasu jim kaɗan bayan ta yi ido huɗu da shi. Duk wannan ɗan ne ke faɗa, alhali mafi yawansa bai gani ba. Mai karatu yana tausaya mata, amma daga nesa, a matsayin uwar wani babban malami.

Dandamali ba ya yarda da wannan nisa. Da zarar an ce za a nuna labarin, dole a sami mace ta tsaya gaban jama'a, ta yi magana da bakinta. Mai kallo a Maigatari, inda har yau fatake ke ƙetara iyaka zuwa Nijar, ba ya bukatar a fassara masa abin da ake nufi da mace ta kama hanyar arewa ita kaɗai. A ganina, nan ne wasan ya fi littafin, ko da yake ya yi asarar natsuwar muryar Shaihu, wadda ita ce gishirin rubutun Ɓalewa.

Akwai misalin da ya bi hanyar a juye. A Amurka, Susan Glaspell ta rubuta wasan Trifles a 1916, ta mayar da shi gajeren labari mai suna A Jury of Her Peers a 1917. Tushensa kisan wani manomi ne a jihar Iowa a 1900, wanda ta ɗauko rahotonsa tana 'yar jarida. Maza masu bincike suna raina tarkacen ɗakin girki, mata biyu kuwa a nan suka gano dalilin kisan, suka ɓoye shi. A wasan, maganarsu da ayyukansu kawai ake ji ake gani. A labarin, marubuciyar ta shiga zuciyar ɗayarsu, Martha Hale, aka ji nadamarta kan rashin ziyartar maƙwabciyarta.

Wato a wurin Glaspell zube ne ya buɗe bakin mace, domin ita ta zaɓi idon da za a kalli labarin da shi. Ɓalewa kuwa tun shafin farko ya miƙa wa ɗan bakin magana.