Da tsohuwar zuma ake magani: Sayen mota mai ogzilari a ƙasar Kaura

Duk wanda ya san arewacin Zamfara, daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, ya san cewa kwalta iyakarta babban titi. Da ka sauka daga kanta, sai rairayi a lokacin rani, laka da kwazazzabai da damina. Jirgin ƙasa ya iso Kaura tun 1929 domin kwasar gyaɗa da auduga, amma har gobe manomin ƙauye bai huta da tunanin yadda buhunsa zai kai bakin titi ba. Shi ya sa nake ganin batun tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda direbobi ke kira mai ogzilari, ya cancanci fili a wannan shafi.

A Ingila da Amurka masu hali kan gyara tsohuwar Land Rover don nishaɗin ranar hutu. A wajenmu Sakajiki kuwa, irin wannan mota ita ce mai ɗaukar dawa da gero, ita ke kai amarya, ita kuma ke garzayawa da mai naƙuda asibiti. Sabuwa ta fi ƙarfin talaka. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a 2017 ya ɗaga farashin 'yan Kwatano, cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023 suka ƙarasa sauran. Abin da ya rage mana shi ne tsohuwa. Kuma tana da falala guda: injinta ba na kwamfuta ba ne, bakaniken Kaura zai iya kwance shi ya mayar a gindin bishiya. Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux tun 1968, don haka kayan gyaranta ba baƙi ba ne a kasuwanninmu.

Mu huɗu 'yan gida ɗaya muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar Hilux mai shan gas. Mun tafi da wani dattijon bakanike, wanda ko kallon fenti bai yi ba. Dillali na ta yabon kujeru, shi kuwa ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, yana ƙwanƙwasa ƙashin motar da sifana, yana neman tsatsa da tabon walda. Da ya fito sai ya ce mini, "Ɗana, inji ana canza shi, amma mota in bayanta ya taɓa karyewa, ta gama aiki." Daga nan ya sa aka kai ta cikin yashi aka saka ogzilari, domin sau da yawa akan cire sandar da ke juya ƙafafun gaba, a sayar wa mutum suna kawai.

Mai karatu, ga tsarin da muka bi. Takardu tukuna: na kwastan da na mallaka, a kuma gwada lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke rubuce, don kada mutum ya sayi kayan sata ya ƙare a hannun hukuma. Bayan saye, birki da sitiyari da tayoyi ne farko, sai lagireto da famfon gas, sannan kuloci da sifirin. Kayan gyara mun nemo su a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, muka fifita tsohon ƙarfe na asali a kan sabo mai arha, domin araha ba ta ado. Kuɗin gyara ya kusa rabin kuɗin saye. Wanda bai ware wannan tun farko ba, motarsa za ta zama akurkin kaji a ƙofar gida.

Me ya kawo wannan tsanani? Ai a wannan yanki lalacewar mota a hanya ba ɓata lokaci ba ce kawai, magana ce ta rai. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, wanda motarsa ta mutu a daji ba shi da hanyar kiran kowa. A watan Oktoba na shekarar aka kai wa Sakajiki kanta hari, aka rasa rayuka. Direban da ya taso daga Shinkafi da la'asar sakaliya ba ya buƙatar motar da ake turawa. Har fenti ma abin lura ne. Tunda jami'an tsaro na yawan amfani da Hilux, wauta ce a yi mata launi irin nasu. A bar ta da kamannin motar manoma.

Shawarata ga ƙungiyoyin manoma ita ce su haɗa hannu su mallaki guda ɗaya mai lafiya, a ba ta direba ɗaya amintacce, a riƙa ajiye wani kaso na abin da ta samo domin gyara. Su kuma shugabannin ƙananan hukumomin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, su tuna cewa kwalbati ɗaya a kan rafi ya fi wa talaka amfani da mota goma. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya kiyaye hanya, amin.